Kuɗin da ba ya cikin tikiti: jagora ga mai shirin hutu a jirgin ruwa daga Jidda

Tun da jirgin Aroya ya fara tashi daga Jidda a watan Disambar 2024, maganar hutu a kan teku ta shigo hirar gidajenmu. Da can idan aka ce jirgin ruwa, hankalin Bahaushen Makka ko Jidda kan tafi ga kakanninmu da suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin da Fort Sudan don sauke farali. Yanzu kuwa jirgi ne mai tsawon mita 335, mai ɗaukar fasinja sama da 3,000, da gidajen abinci da shaguna da wurin wasan yara, ga masallaci, ba giya ba gidan caca. Wannan ya sa iyalai da yawa da ba su taɓa tunanin irin tafiyar ba suka fara tambayar farashi.

Ina son mutanenmu su je. Wanda ya shekara yana aiki a nan Saudiyya ya cancanci kwana uku ko huɗu yana kallon ruwa da iyalinsa. Abin da ba na so shi ne a dawo da bashi. Wata ƙanwata ta yi irin wannan tafiya a wani jirgi na daban a Bahar Rum, ita da maigidanta da yara biyu. A daren ƙarshe ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, “Yaya, takardar da suka kawo mana ta kusa rabin abin da muka biya na tikiti, kuma wallahi ban san mun kashe haka ba.” Ba wanda ya cuce su. Kowane layi na takardar abu ne da suka saya ko suka amince da shi ba su lura ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Dalilin da ya sa hakan ke faruwa ɗaya ne: a cikin jirgi ba a taɓa kuɗi da hannu. Ranar shiga za a ba kowa kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da dawowa, shi ne kuma jakar kuɗi. Ka miƙa, a goga, ka tafi. Ba ka ƙirga riyal, ba ka karɓar canji, don haka zuciya ba ta jin an rage komai. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta dawo da wannan jin.

Mataki na farko: kafin ka biya, nemi a rubuta maka abin da tikitin ya ƙunsa

Farashin da ake tallatawa kusan kullum na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, kuma na ɗaki mafi araha ne, wanda ba shi da taga. Wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya ƙari mai yawa, wani lokaci kusan kuɗin mutum biyu. To, kafin ka tura ko halala, ka nemi amsar waɗannan a rubuce, ko daga kamfanin ko daga ejan ɗin da ka bi ta hannunsa: shin harajin tashoshi yana ciki? Kuɗin hidimar ma'aikata fa? Waɗanne gidajen abinci ne kyauta, waɗanne ne na biya? Ruwan gora, shayi da lemo suna ciki? Da wane kuɗi ake ciniki a jirgin, riyal, dala ko yuro? Idan aka fasa tafiya, nawa ake mayarwa kuma zuwa yaushe?

Na ce a rubuce ne domin amsar baki ba ta da amfani a tsakiyar teku. Ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi bai san abin da ejan ya faɗa maka a ofishinsa ba, takarda kawai ya sani.

Kuɗin hidima shi ya fi ba sababbin matafiya mamaki. Kamfanoni da dama na duniya suna ɗora wa kowane fasinja wani adadi a kowane dare, ladan masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci, kuma shi da kansa yake hawa asusunka ba tare da an tambaye ka ba. Ɗauki misali a ce dala 15 ne. Mutum huɗu, dare huɗu, dala 240 ke nan. Riyal na tsaye a kan 3.75 ga dala ɗaya, don haka riyal 900 sun tafi tun ba ku sha ko shayi ba. Wasu kamfanonin suna rage wa yara, wasu sun cusa shi cikin tikiti tun farko. Wasu kuma suna bari ka je ka ce a cire. Ni dai ba na ba da shawarar a cire. Mu da muke zaune a ƙasar wasu muna neman na kanmu mun fi kowa sanin darajar ɗan abin da ke shiga hannun ma'aikaci, kuma waɗannan bayin Allah sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba. A sa shi a lissafi tun daga gida a matsayin wajibi, shi ke nan.

Mataki na biyu: takardun fita, wanda ya fi shafar mu masu iƙama, wato izinin zama a Saudiyya

Wannan kuɗi ne da ɗan ƙasa ba ya tunaninsa, mu kuwa shi ne farkon kashewa. Idan jirgin zai tsaya a Sharm el-Sheikh ko Safaga a Masar, ko Aƙaba a Jodan, to fita daga Saudiyya ce cikakkiya. Kowane mai iƙama a cikin tafiyar, har jariri, yana buƙatar bizar fita da dawowa, wadda muke kira huruj wa auda. Ta shiga sau ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, da ƙarin 100 a kan kowane wata bayan nan. Mai shiga da fita sau da yawa riyal 500 ce na wata uku. Maigida zai iya fitar wa iyalinsa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, nasa kuma ya danganta da tsarin wurin aikinsa. Gida mai mutum biyar, riyal 1,000 ke nan mafi ƙaranci. A duba kuma fasfo ya rage aƙalla wata shida, iƙama kuma ba za ta ƙare ana kan ruwa ba.

Sai bizar ƙasashen da za a tsaya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba dokarsa ɗaya da mai fasfon Saudiyya ba. Kada ka ɗauka cewa in ba za ka sauka ba, ba ruwanka da biza. Akwai tafiye-tafiyen da ba za a bar ka ka hau jirgin ba ma sai da ita. Tambayi kamfanin da sunan fasfonka, ba tambayar gama-gari ba. A lokacin zafi, idan jirgi ya koma Bahar Rum yana tashi daga Istanbul yana ratsa tsibiran Girka, maganar ta zama ta bizar Turkiyya da ta Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Girka, ga kuɗin jirgin sama zuwa can.

Ga wani abu da nake roƙon a kiyaye. Da yawa cikinmu mukan so mu faranta wa Hajiya ko Baba da suka zo ziyara. Idan bizarsu ta shiga sau ɗaya ce, da zarar an buga musu fita a tashar Jidda ta ƙare, ba su da hanyar dawowa da ita. Ga irin wannan baƙo, a nemi tafiyar da ba ta barin ruwan Saudiyya, kuma duk da haka a tabbatar da kamfanin kafin a biya.

A ƙara da kuɗin isa tasha. Daga Makka akwai jirgin ƙasa na Haramain daga Rusaifa zuwa Sulaimaniyya, sannan tasi. Mai zuwa daga Madina ko Riyad gara ya iso kwana ɗaya kafin ranar, ko da zai biya masauki, don jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara.

Mataki na uku: yanke adadi, ka zaɓi katin da za ka ɗaura

Ku zauna da uwargida ku yanke abin da za ku iya kashewa a cikin jirgi gaba ɗaya, bayan an cire kuɗin hidima da na yawon gari. Ku raba shi da yawan kwanaki. Wannan shi ne kuɗin cefanen kowace rana. Ku ware wani abu daban na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya ko makamancinta.

Ranar shiga za a nemi ka ɗaura katin banki a asusun ɗakinka, ko ka ajiye tsabar kuɗi. Idan ka ɗaura kati, kamfani yakan sa banki ya riƙe wani adadi, ya kuma ƙara riƙewa yayin da kake kashewa. A katin bashi wannan ba ya damun kowa sosai. A katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusunka kuwa, kuɗin albashinka ne ake tsarewa, kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni bayan an sauka kafin banki ya sake su. Mutum ya dawo gida, kuɗin haya ya zo, kuɗinsa na nan amma ba zai iya taɓawa ba. Sannan katin mada zalla, wato katin cire kuɗi na bankunan Saudiyya, na cikin gida ne. Don amfani a waje sai wanda ke ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, kuma a buɗe masa sayayyar waje a manhajar banki tun kafin a tashi.

Ni abin da na fi so ga wanda zai fara tafiya shi ne ajiye tsabar kuɗi, in jirgin yana karɓa. Ka ba su adadin da ka yanke. Ranar da ya ƙare za a sanar da kai, dole ka taka da ƙafarka zuwa teburin ka ƙara, wannan tattakin kuwa yana sa mutum ya sake tunani.

A nan take, kafin ka bar teburin, ka ce a rufe sayayya a katunan yara ko a sa musu iyaka. Na'urorin wasa na yara da kati suke aiki. Yaro ɗan shekara tara bai san yana kashe kuɗi ba, shi dai ya ga yana gogawa wasa na tashi. Rabin abin da ya tayar wa ƙanwata hankali daga nan ya fito.

Idan kuma na'ura ta tambaye ka, a jirgi ko a kasuwar wani gari, ko kana so a caje ka da riyal ko da kuɗin wurin, zaɓi kuɗin wurin. Canjin da na'urar ke yi maka ya fi na bankinka tsada.

Mataki na huɗu: waya

Da jirgi ya bar gaɓa, layin STC ko Mobily ko Zain zai ɓace, wayar kuma tana iya kama wani layi na cikin teku mai aiki da tauraron ɗan'adam. Tsarin amfani da layinka a ƙasar waje da ka saya na Masar ko Jodan galibi bai haɗa da wannan ba, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Wayar tana aljihu, hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp na sauka, lissafi na hawa. Sa kowace waya a yanayin jirgin sama tun kuna ganin fitilun Jidda, sannan ka kunna waifai kaɗai. Manhajar jirgin, wadda ake duba jadawali da lissafi a ciki, yawanci tana aiki a kan waifai ɗin ba tare da an sayi intanet ba.

Intanet na jirgi sayar da shi ake yi, sau da yawa a kan na'ura ɗaya. In ba aiki ne ya tilasta ba, a sayi ɗaya a yi karɓa-karɓa. A sauke karatun Alƙur'ani da abin kallon yara tun a gida.

Mataki na biyar: ci da sha

Abincin da ke cikin tikiti ya isa, har ya yi yawa. Babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba da kanka ba su da ƙarin kuɗi a mafi yawan jirage. Gidajen abinci na musamman su ne na biya. In ana so a ɗanɗana, a zaɓi dare ɗaya, a sa shi a lissafi, a duba farashi a ƙofa kafin a zauna. A jirgin da ba na ƙasar Musulmi ba, a sanar da buƙatar abincin halal tun lokacin sayen tikiti, kada rashinsa ya tura ku sayen abinci kullum.

Inda ake yawan faɗawa shi ne tsarin abin sha na biya-gaba-ɗaya. Za a ce maka ka biya kaza a rana ka sha lemo da gahawa iya son ranka. Kafin ka amsa, yi lissafi. A ce misali riyal 90 ne a rana, kofi ɗaya kuma riyal 20. Sai ka sha kofi biyar kullum kafin ka ci riba. Kamfanoni da yawa kuma suna sharɗanta cewa duk manyan da ke ɗaki ɗaya su saya tare, kuma na dukan kwanakin: mutum biyu, dare huɗu, riyal 720. Ranar da kuka wuni a gari ma an caje ku. Mai shan shayi sau biyu da ruwa ba shi da abin yi da wannan tsari. Wanda ya san ba ya rabuwa da gahawa da lemon 'ya'yan itace, shi kam zai iya amfana, kuma sayensa ta intanet kafin ranar tafiya yakan fi sauƙi.

A lura kuma, a jirage da yawa ana ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na hidima a kan kowane abin sha da aka saya. Idan takardar ta riga ta nuna shi, layin da aka bari na ƙarin kyauta ba dole ba ne. Ƙaramin firjin ɗaki ma abin da ke cikinsa na sayarwa ne. A ce wa mai gyaran ɗaki ya kwashe ko ya kulle in akwai yara. A tafi da gorar ruwa ta kowa a riƙa cikawa a wurin cin abinci.

Mataki na shida: ranar sauka gari

A nan babban kuɗi yake, a nan kuma nake ganin ya fi dacewa a kashe. Wanda ya isa Aƙaba yana da damar ganin Petra, tsohon birnin tarihi, tafiyar kusan awa biyu a mota, kuɗin shiga kaɗai ba ya kasa dinari 50 ga babba baƙo, wato kusan riyal 265. Daga Safaga ana zuwa Luksor, birnin kayan tarihin Fir'aunoni, sama da awa uku zuwa, haka dawowa. Irin waɗannan wurare masu nisa, ka bi yawon da jirgin ya shirya ko da ya fi tsada. Dalili: idan motar da jirgi ya ɗauka ta makara, jirgin zai jira ta ko kamfani ya ɗauki nauyin ku. Idan tasin da ka ɗauka da kanka ya lalace a hanya, jirgi zai tafi, kai za ka nemi masauki da tikitin jirgin sama, da iyali, a ƙasar da wataƙila bizarka ta 'yan awoyi ce. Araha ba ta ado.

Amma in yawo ne na kusa, kasuwa ko bakin ruwa ko masallacin gari, ba sai ka biya kowa ba. Mu da muke jin Larabci muna da sauƙin da sauran baƙi ba su da shi. Yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga, ku daidaita zuwa da dawowa, kada ka biya duka sai ya dawo da ku. Riƙe ƙananan kuɗi a hannu. Ka dawo awa ɗaya ko fiye kafin lokacin da aka rubuta a bakin matakala, kuma da agogon jirgi ake aiki, ba na garin ba, don wani lokaci suna bambanta.

Ba dole ne a sauka a kowace tasha ba. Zaɓi ɗaya da ta fi muhimmanci a gare ku ku kashe mata. A sauran ranakun jirgin ya zama naku, ba cunkoso a wurin wanka, wurin tausa ma sau da yawa a irin ranakun yake rage farashi.

Hotuna, shaguna da tsaraba

Masu ɗaukar hoto za su tare ku a bakin shiga da wurin cin abinci. Ɗauka kyauta ce, karɓa ce ta kuɗi. In ana son na tarihi, a jira ranar ƙarshe a zaɓi ɗaya.

Shagunan jirgi a kan teku suke buɗewa, a rufe suke idan an tsaya a tasha, kuma sukan yi tallar cewa ba haraji. Gaskiya ne a Saudiyya muna biyan harajin kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, amma rashin haraji ba ya nufin araha. Wanda ya san farashin turare da agogo a kasuwannin Balad ko Bab Sharif na Jidda ya riƙe wannan farashin a kansa ya gwada. Tsaraba kuwa, na san nauyinta a al'adarmu, ba a dawowa hannu rabbana. Rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tun a gida, da adadin kowa, a saya a kasuwar gari maimakon cikin jirgi. A tuna da kwastan a dawowa: kayan da aka sayo da suka haura riyal 3,000 ana bayyana su a biya abin da ya hau kansu, haka tsabar kuɗi ko zinare da ya kai adadin da hukuma ta ƙayyade dole a bayyana shi a fita da shiga. Hajiyoyi masu tafiya da gwala-gwalai su lura da wannan.

Ƙananan abubuwa da ke da tsada a jirgi saboda ba wani shagon: maganin jiri da amai, na ciwon kai, man kare zafin rana, kunzugun yara, madarar jarirai. A saye su a kantin magani kafin a tafi. Wanki da guga biya ake yi a kan kowace riga, kuma ba a yarda a shiga da dutsen guga ba saboda gobara, don haka a goge jallabiyoyi da abayoyi a gida a ɗauki isassu.

Ganin likitan jirgi ma na kuɗi ne, ba kaɗan ba, inshorar wurin aiki kuma ba lallai ta yi aiki a can ba. Sayi inshorar tafiya da ta ambaci jirgin ruwa ƙarara, musamman in akwai tsoho ko mai ciwon suga ko hawan jini. Magungunan yau da kullum su kasance a jakar hannu, da ƙarin na kwana biyu ko uku.

Mataki na ƙarshe: duba lissafi kowane dare

Bayan sallar isha'i, buɗe manhajar jirgi ko talabijin ɗin ɗaki ka duba asusun. Minti biyu ne. Gwada abin da ka gani da kuɗin cefanen ranar. In an wuce yau, gobe a rage. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka je teburin baƙi a daren nan da rasit ɗinka, lokacin da kowa ke iya tunawa. Kuskure yana faruwa, a caji abu sau biyu ko a sa na wani ɗaki a naka, kuma gyaransa na da sauƙi muddin kana cikin jirgi. Bayan ka sauka sai wasiƙu da jira.

Kada ka bari sai safiyar sauka, layin kan yi tsawo, ga kaya ga yara. Je ka da yamma ana gobe za a iso, ko da sassafe bayan asuba kafin layi ya taru. Nemi cikakkiyar takarda, bi ta layi-layi, karɓi ragowar kuɗinka in tsaba ka ajiye. Za kuma a iya yi maka tayin ajiye kuɗin tafiya ta gaba da rangwame. Kada ka sa hannu sai ka ga sharaɗin mayarwa a rubuce. Ajiye takardar ƙarshe har wata guda, ka gwada ta da saƙon banki, ka tabbatar an saki duk abin da aka riƙe. In mako uku ya wuce ba a saki kuɗin ba, kira bankinka da lambar takardar a hannu.